Shekarar da Na Zama Idon Baba

'Ya'yana, kun taso kuna jin magana iri biyu a kaina. Dangin ubanku sun ce na ƙi bin mijina Kumasi saboda taurin kai. Mutanen unguwa kuma sun ce tun ina ƙarama Baba ya koya mini gyaran agogo, kamar da hantsaki a hannu aka haife ni. Duka biyun ba haka aka yi ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu saura kaɗan a duniya, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina tun ina da ƙarfin faɗa.

Abin ya faru ne a shekarar da aka koro mu daga Legas. Mun dawo a saman babbar mota, mu da ɗaruruwan mutane, ina goye da kai, Mustafa, ko yaye ka ban yi ba. Ubanku Sulemana a bakin titi yake kasuwanci a Agege, yana sayar da agoguna masu batir, irin waɗanda lamba ke fitowa a fuskarsu. Gado da tukwane da keken ɗinkina duk can muka baro su. Abu ɗaya ya rungumo har Tamale, wata jaka cike da agogunan nan, yana cewa ita ce jarinmu. Ba mu da inda za mu sauka sai gidan Baba a unguwar Bulpiela.

Kakanku Malam Alhassan, duk garin Mai-agogo ake ce masa. Ubansa daga ƙasar Sakkwato ya zo fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Baba yana da tebur a zaure, da hantsaki, da 'yan sukuddireba sirara kamar allura, da gilashin da ake maƙalawa a ido ɗaya. Uwarmu ta daɗe da rasuwa, saboda haka ƙanwarsa Gwaggo Azumi ce ke riƙe da gida, mace mai baki kamar reza da zuciya kamar man shanu. Koko take sayarwa, amma da muka iso ta kife tukunyar, don babu masara. Ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye gonaki a kudu, kasuwa ta zama fili. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana yi masa ba'a ana ce masa sarƙa. A irin wannan hali muka ƙaro wa gidan baki uku.

Ubanku a gaban Baba ya girma, gidansu na bayan namu, don haka babu irin kunyar nan ta suruki mai tsanani a tsakaninsu. Washegarin isowarmu ya zazzage jakarsa a kan tabarma, ya ɗauki ɗaya ya miƙa.

"Baba, zamaninku ya wuce fa. Wannan ba a wana shi, ba a sa masa mai. Har kiɗa yake yi."

Baba ya karɓa, bai ko duba ba, ya kai kunne. Ya daɗe yana saurare, sannan ya mayar masa.

"Sulemana, wannan ba ya numfashi. Abin da ba ya numfashi kuwa ban san yadda zan gaishe shi ba."

Muka yi dariya, ubanku ya fi kowa. Ya sayar da kaɗan a bakin tasha. Amma kafin azumi batir ya ɓace a Tamale kamar yadda sukari da sabulu suka ɓace. Agogunan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsu ta koma fara fat, waɗanda suka saya suka fara nemansa da ido ja. Dole ya ajiye jakar a ƙarƙashin gado, ya koma tasha yana dako da lodi. Su kuwa mutanen gari sai kowa ya tuna da tsohon agogon ubansa da ke cikin adaka, wanda ba ya cin batir, a wana shi kawai yake so. Direbobi, malaman makaranta, ladanai, duk suka riƙa sallama a zaurenmu, kowa da nasa a naɗe a tsumma. Baba yana karɓa, yana kai wa kunne, yana cewa a dawo.

Ni na fara lura cewa ana kawowa amma ba a karɓa. Wani kwanon sha da ke ƙarƙashin teburin ya kusa cika. Wata safiya na kai masa ruwan zafi, na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba tukuna, sai na ga yana lalube a kan tebur. Hantsakin da yake nema yana gabansa, yana ƙyalli. Ya wuce shi sau biyu. Da ya ji motsina sai ya janye hannu. Sunan uwarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, ke ce? Turo ƙofar nan."

Na tura, na durƙusa kusa da shi.

"Yanar ido ce ta rufe mini gani tun bara. Ina ganin hasken ƙofa, ina ganin inuwarki, amma cikin agogo ya zama mini dare. Azumi ma ba ta sani ba."

"To, Baba, me ya sa kake karɓa?"

"Mutum ya zo da agogon ubansa a hannu biyu, in ce masa me? Kullum ina cewa gobe idon zai washe."

Ban san inda maganar ta fito ba, na dai ji bakina ya ce, "To, ari nawa mana."

Ya yi murmushi, ya ce wannan ba ɗinki ba ne. Yayana, ɗansa namiji, shi ya koya wa aikin, shi kuwa ya bar shi ya bi mota Abijan. Ni ko kusa da teburin ba a barina in je ina yarinya, wai kada numfashina ya hure wani abu. Na ce masa wadda ta iya zura zare a allurar keke da magariba ba za ta kasa ganin haƙorin agogo ba, kuma gidan nan babu ko tiya ɗaya ta hatsi. Maganar hatsin ce ta karya shi. Ya laluba ya ɗauko gilashin idon, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙo mini.

Muka mayar da teburin ɗakin da ke bayan zaure, inda taga ke kallon gabas. Da agogon tebur ya fara ni, mai ƙararrawa, don kayan cikinsa manya ne. Daga nan muka koma na hannu. Ranar da na fara buɗe bayan agogon hannu na maƙala gilashi, sai da na riƙe numfashi. Ashe gari guda ne a ciki. Ga ƙafafu masu haƙora suna cizon juna, ga 'yan jajayen duwatsu kamar ƙwayar rumman inda kowace ƙafa ke tsayawa, ga wata ƙafa mai lilo da siririn ƙarfe a naɗe a kanta, wanda Baba ke kira gashi. Shi yana zaune a gefena, idonsa a rufe, yana faɗa ina yi. Kafin a kwance komai, a sassauta babban sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ake wanawa, a hankali, in ba haka ba ƙarfinsa zai watsa haƙora. Duk abin da aka cire a jera shi a farin faranti bi da bi, a kife kofin gilashi a kai. A wanke da fetur da gashin kaza. A feƙe tsinke a share ramin kowane dutse har tsinken ya fito fari. Man agogo kuwa kwalba ɗaya ta rage masa, 'yar mitsitsiya, yana ɓoyon ta kamar turaren Makka. Da bakin allura ake ɗiba.

"In kin ga man da idonki ba gilashi, ya yi yawa," in ji shi. "Agogo ba miya ba ne."

Fetur ma wahala yake a lokacin. Ubanku ne ke roƙo wurin direbobi a tasha, ya kawo mini a kwalbar magani. Shi da Gwaggo dole aka gaya musu halin da ake ciki. Gwaggo ta yi kuka a madafa, ta fito ta share ido, ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda Yaya ya daina ganin ƙura a ɗakinsa.

Ba zan manta da ranar da sukuru ya tsere mini ba. Na matse shi da hantsaki fiye da kima, sai na ji ƙyas, ya tashi sama. Ƙanƙantarsa bai kai ƙwayar gero ba, kuma babu irinsa a gidan. Baba ya ce kada kowa ya motsa. Muka rufe ƙofa, ni da Gwaggo muka durƙusa muna shafa ƙasa da tafin hannu. Ubanku ya dawo daga tasha ya same mu a haka, ya je ya ɓalle mayen ƙarfe daga wata matacciyar rediyo, ya ɗaura masa igiya yana ja a ɗakin kamar mai kiwon akuya. Ya kamo allura, ya kamo ƙusa, ya kamo ɗan makullin akwatin Gwaggo da ya ɓata tun kafin aurena. Sukuru dai shiru.

"Jama'a suna can suna neman masara," in ji Gwaggo, tana dafe da ƙugu, "mu muna nan muna neman abin da ko kaza ta gani ba za ta sunkuya ba."

Muna cikin haka, kai Mustafa ka rarrafo kana kuka, na ɗauke ka don in rarrashe ka. Sai ga sukurun manne a tafin ƙafarka, gumi ya riƙe shi. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye, Baba yana tambaya me aka yi, me aka yi, babu mai iya ba shi amsa. Tun da muka baro Legas, ranar ce aka fara dariya irin wannan a gidanmu.

A wannan agogon ne kuma na fara ganin abin da ya kama ni har yau. Bayan an wanke komai an mayar, abu na ƙarshe shi ne a ɗora ƙafar lilon nan da gashinta. Na wana agogon kaɗan, na saukar da ita a hankali. Tana zama wurinta, ban taɓa ta ba, ban hura ta ba, sai ta kama lilo da kanta. Abin da ya shekara goma a mace cikin adaka ya tashi yana bugawa a gabana. Na yi ƙara har Gwaggo ta sheƙo da ludayi. Baba ya karɓa ya kai kunne.

"Ya tashi. Amma yana ɗingishi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Saurara."

Ya manna mini a kunne. Da farko ban ji komai ba sai bugu. Can sai na ji, bugu ɗaya yana riga ɗan'uwansa. Ya nuna mini inda zan taɓa gashin, kaɗan ƙwarai, har bugun ya daidaita. Haka muka yi ta yi, shi kunne, ni ido da hannu, har kwanon nan ya fara raguwa.

Kuɗi ba su da amfani sosai a shekarar, don ko kana da su babu abin saye. Saboda haka da abinci aka riƙa biyanmu. Wannan ya kawo doya biyu, wancan gyaɗa a hula, wani direba ya kawo sabulu sanda guda daga bakin iyaka. Wata Bafulatana mai tallar nono, Inna Jebbu, daga rugar da ke bayan unguwar Nyanshegu, ta kawo agogon mijinta da ya faɗa rafi. Shanunsu ma sun rame, nonon ba yawa, amma da na gyara shi sai ta riƙa biyowa duk ranar kasuwa da 'yar ƙwarya ta ce ta yaro ce. A lokacin, Mustafa, ƙafafunka sun zama kamar tsinke, nonona ya ƙafe, ina kwana da tsoro a kanka. Nonon Inna Jebbu ne ya mayar maka da kumatu. In ka ji ina yawan sa Fulani a addu'a, dalilin ke nan.

Duk wannan, mutanen gari ba su san ni ke aikin ba. Baba ne a zaure yana karɓa yana bayarwa. Bai taɓa yin ƙarya ba, Hausarmu ta Tamale ce ta rufa masa asiri. Kun san a nan ba mu cika raba mace da namiji a magana ba, kowa "ya" ne. In an tambaya ko an gama, sai ya ce, "Mai aikin ya na ciki, ya kusa gamawa." Kowa ya ɗauka ubanku ake nufi, ko wani yaron shago. Gwaggo kan ce wannan ce rana ta farko da karyayyar Hausa ta yi wa wani amfani.

Bayan ƙaramar salla, wan ubanku da ke Kumasi ya aiko direba da saƙo. Ya samar masa wuri a shagon kayan mota, har da ɗaki, ya ce mu taho gaba ɗaya. Kumasi ma ana yunwa, amma akwai rogo da ayaba, akwai aiki. Ubanku ya same ni a gindin darbejiyar tsakar gida bayan la'asar, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Maman Mustafa, ki fara haɗa kaya. Allah ya buɗe."

Na ce, "In na tafi, wa zai gane wa Baba?"

"Ni fa ba zan iya ci gaba da zama ina cin abin da matata da surukina suka samo ba. Namiji ne ni. Dako ba sana'ata ba ce."

"Na sani. Ban ce kada ka tafi ba."

"Amma kin ce ba za ki bi ni ba."

"Ban ce ba. Tambaya na yi."

Ya tashi ya fita. Baba da ya ji, ya kira ni ya ce in bi mijina, shi ya ci zamaninsa, Allah ba zai hana shi tuwo ba. Yana faɗa yana juya hantsaki a hannu. Gwaggo kuwa, wadda ba a taɓa yin magana a gidan ba ta sa baki ba, ta ja bakinta ta kulle. Ni kaina na rabu biyu. Ina son ubanku, kuma ina da cikinki, Hadiza, wata na biyu. Amma na san in na tafi, kwanon nan zai sake cika, wata rana a zo a tsaya wa Baba a ka, mutumin da ya yi shekara arba'in ba a taɓa ɗaga masa murya ba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ba don Baba kaɗai ba ne. Ina son aikin. In na kwanta, ƙafafun nan masu haƙora nake gani suna juyawa.

Kwanaki ubanku ba ya cewa komai sai gaisuwa. Ran nan da hantsi ina kan tebur, na ɗago kai sai na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ya shigo ya zauna a kan turmi.

"Tun ɗazu nake kallonki. Tun da na aure ki ban taɓa ganin fuskarki haka ba, ko ranar da na sayo miki keke. In na ɗauke ki daga nan, gangar jiki zan kai Kumasi." Ya numfasa. "Ki zauna. Ni zan je in nemo, in riƙa zuwa. Abin da za a faɗa, ki bar ni da shi."

To kun ji yadda aka yi. Shi ya yanke, da bakinsa, ba wanda ya tilasta shi. Sai dai abin da aka faɗa ba a kansa ya sauka ba, a kaina ya sauka. Kakarku ta wajen uba ta ce na shanye mata ɗa, na zaɓi ƙarfe a kan aure. Da na haife ki, Hadiza, ubanku yana can, hanya ba mota, kakarku kuma gidanta na bayan namu amma ba ta taka ƙafa wurin suna ba. Har ta koma ga Allah, tsakanina da ita bai wuce ina kwana ba. Na yi kukan wannan ba sau ɗaya ba, kuma ban riƙe ta a zuciya ba, don ita ma ɗanta take so. Allah ya jiƙanta. Na faɗa ne don ku san abin bai zo a banza ba.

Bai daɗe da tafiya ba, wani direba ya yi sallama da ƙunshi daga Kumasi. Gwaggo ta karɓa da rawar jiki, tana zaton garin rogo ne. Da aka kwance sai ga tsohuwar safa cike da matattun agoguna, wasu ba gilashi, wasu ba hannu, wasu tsatsa ta ci rabinsu. Ashe duk ranar da ba aiki ubanku yana zaga kasuwa yana tsinto mini su, don in riƙa cire kayan gyara.

"Matan mutane ana aiko musu da atamfa," in ji Gwaggo, "ke an aiko miki da gawawwaki."

Ni kuwa na rungume safar nan kamar an ba ni zinariya. Duk wanda ya san aikin ya san mataccen agogo shi ke raya ɗan'uwansa.

Ana cikin haka wani tsohon soja daga unguwar Changli, Badagombe, wato ɗan ƙabilar 'yan asalin garin, wanda kowa ke kira Baba Saje, ya zo da nasa. Ya yi yaƙin Bama tun zamanin Turawa, kuma da agogon nan a hannunsa ya je ya dawo. Baba ya karɓa, ya gwada wana shi, ya ji yana juyawa ba ya kamawa, ya buɗe ya shinshina.

"Saje, babban sifirin ya tsinke, kuma ruwa ya shiga. Irin wannan an daina yinsa. Ba na so in ɗauke ka da alkawari."

Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa. "Mai-agogo, wannan ya shiga daji da kogi, harsashi bai kashe shi ba. Ba zai mutu a Tamale ba. Zan dawo."

A makon ne zazzaɓi ya kwantar da Baba, ko zama ba ya iyawa. Na zauna ni kaɗai da agogon soja, ba mai faɗa mini komai. Na kwance shi, na jera a faranti. Tsatsa ta kama ƙafa biyu, na yi ta gogawa da tsinke da ɗan toka mai laushi har suka yi haske. Na zazzage safar ubanku ina buɗe gawa bayan gawa, sai a wani da fuskarsa ta ƙone na sami sifiri mai faɗi ɗaya da nasa, amma ya ɗan fi tsawo. Na taɓa jin Baba ya faɗi yadda ake yi, ban taɓa gani ba. Na yanke bakinsa, na gasa a harshen fitila har ya yi laushi, na lanƙwasa, na naɗa shi cikin gidansa da yatsu, yana yanka ni ina ci gaba. Gashin ma ya karkace, na bi shi da hantsaki biyu, ina taɓawa ina saurare. Da ya tashi ban yi ƙara ba wannan karon. Na bar shi ya kwana ya wuni, na gwada shi da lokacin labaran rediyon maƙwabta, sannan na kai wa Baba a shimfiɗa.

Ya kai kunne. Ya juya shi rigingine, ya saurara. Ya kife shi, ya saurara. Ya tsayar da shi a gefe. Ni ina durƙushe, zuciyata ta fi agogon bugu.

"Wa ya daidaita gashin?"

"Ni, Baba."

Sai na ga hawaye ya gangaro ta gefen idon nan da yana ta rufe.

"Uwata, babu abin da zan gyara a nan."

Ranar da Baba Saje ya dawo, Baba ya sa aka fito da shi zaure, akwai mutane huɗu ko biyar suna jira. Tsohon ya ɗaura agogonsa, ya kai kunne, ya washe baki ba haƙori ko ɗaya, ya fara zuba godiya da yarensu na Dagbanci da kuma Hausa. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ƙwala mini kira. Na fito da mayafi, gilashin yana rataye a wuyana. Sai ya gyara murya, ya yi irin Hausar ubansa ta Sakkwato, wadda ba ta barin shakka.

"Saje, ba ni na gyara ba. Idona ya tafi. Ita ta gyara. Ɗiyata Ramatu, ita ta gyara naka, ita ta gyara duk wanda ya fita gidan nan bana."

Baba Saje ya dube ni daga sama har ƙasa, da cikina da komai. Sai ya jingine sandarsa, ya haɗa ƙafafu, ya miƙe ƙirji iyakar yadda tsufa ya bar shi, ya sara mini kamar yana gaban hafsa. Mutane suka fashe da dariya da tafi, Gwaggo ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Da yamma ya aiko jikarsa da zabi biyu. Muka yi miya, muka kira maƙwabta, kowa ya sami abin da zai tsotsa. A shekarar nan, wannan walima ce.

Washegari Baba ya sa aka fito da teburin ƙofar gida. Ba zan ce kowa ya ji daɗi ba. Mutum biyu sun zo sun karɓe nasu, sun ce mace ba za ta buɗe musu agogo ba, Baba ya miƙa musu ya yi musu fatan alheri. Amma waɗanda suka zo sun fi waɗanda suka tafi. Baba Saje ya zama mai shela, duk inda ya zauna sai ya tura wa mutane hannunsa a kunne. Ma'aikatan asibiti mata da malaman makaranta suka fara kawo nasu 'yan ƙanana. Baba yana zaune a gefena a kujerarsa, duk wanda na gama sai na miƙa masa ya saurara, ba don ana bukata ba, sai don haka muka saba.

Da damina ta zagayo, ruwa ya sauka kamar ana biyan bashin bara. Masara ta yi, Gwaggo ta tayar da tukunyar kokonta. Wata rana da azahar ina kan aiki, sai na ji yara suna ihu a bakin layi. Na ɗago, gilashi a ido, na hango mutum tafe da wani faffaɗan allo a ka, jama'a na biye da shi. Ubanku ne. Daga tasha ya ɗauko shi a ƙafa, ya ƙi ba ɗan dako. Ya sauke a gabana yana haki. An rubuta da jan fenti, Ramatu Mai-agogo, a ƙasa kuma an zana ƙaton agogo. Sai dai mai zanen ya matse lambobin tun daga farko, da ya zagayo ya ga fili ya rage, sai ya cike da lamba sha uku.

Gwaggo ce ta fara gani. Ta ƙirga da yatsa, ta sake ƙirgawa, ta riƙe ciki.

"Yaya, surukinka ya kawo mana agogo mai ƙarfe sha uku! A Kumasi rana ta fi tamu tsawo!"

Ubanku ya duba, kunya ta kama shi, ya ce tun daga can bai lura ba, zai nemo fenti a goge. Baba yana dariya har yana tari, ya ce kada a taɓa.

"Ku bar shi haka. Duk wanda ya gani sai ya tsaya, in ya tsaya kuwa zai tuna nasa ma ba lafiya."

Ubanku ya hau turmi ya kafa allon da kansa. Da ya sauko, na kwanto ki daga baya, Hadiza, na miƙa masa, ranar ya fara ganinki. Ya riƙe ki yana kallo, sannan ya ce da ni ya dawo ke nan, Kumasi ta ishe shi. Ya ce ya koyi inda ake samun kayan gyara, zai riƙa zuwa sari yana dawowa, ni in riƙa aikin. Haka kuwa muka yi har ƙarshen ransa. Kuma tun daga ranar, duk baƙon da ya tambayi ubanku sana'arsa, sai ya gyara zaman hularsa, ya nuna allon da haɓa, ya ce, "Ni ne mijin Mai-agogo."